Hamma Bitrus Mai Agogo da Neman Shiru

Duk wanda ya san Hamma Bitrus a cikinku ya san yatsan nan nasa. Ka shigo gidanmu na Lamorde da sallamarka, sai ka ga ya ɗaga yatsa sama, agogo manne a kunne, ido a rufe. "Tsaya! Yana magana." Ko fasto ne kai ko ɗan sanda, dole ka haɗiye gaisuwarka har agogon ya gama faɗin abin da ke damunsa. Ni Saratu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na sha yatsan nan fiye da kowa, don injin markaɗena a bayan ɗakinsa yake.

Gyaran agogo ne sana'arsa. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya sa yara makaranta. Farkon zamanin jihar Gongola yana da ɗan tebur a kasuwar Mubi. Wata rana ya ɗauro kayansa a bayan keke ya dawo, ya ce shi da kasuwa har abada. Ga ihun dillalai, ga kukan shanu, ga masu sayar da kaset. A gida zai yi aiki, inda hankali ke kwance. Matarsa Rifkatu ta dube shi, ta dubi yara bakwai, ta dubi awaki, ta dube ni da injina. Ta ce, "Baban Markus, wane gidan kake nufi? Kana da wani ne ban sani ba?"

Ya fara da zaure. Haske akwai, iska akwai, amma zaure ai hanya ce. Maƙwabcinmu Malam Buba, dillalin shanu, mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai in ya fara gaisuwa ba ya gamawa. Gida, yara, gajiya, awaki, har keken Hamma sai ya tambaya. Kuma duk wucewa sai ya sake daga farko. Hamma ya daure, ya daure. Ran nan da sassafe ya wanke ƙafa ya je ƙofar Malam Buba.

"Malam Buba, ni lafiya. Rifkatu lafiya. Yara lafiya, dukansu. Awaki lafiya. Gajiya babu. Wannan na yau ne gaba ɗaya, har magariba. In ka gan ni a zaure, ka wuce abinka."

Malam Buba ya ce, "To, na ji, na gode."

Hantsi bai gama yi ba sai ga kansa ya leƙo zaure. "Bitrus, gafara dai. Ba ka faɗa mini na Saratu ba."

Daga nan sai rumbu. Wallahi rumbu! An gama cin dawar da ke ciki, ya ture jinkar gefe don haske, ya hau, ya janye tsanin ya shige da shi. Mai kawo gyara ya ba Rifkatu, ita ta sa a ƙwarya mai igiya, Hamma ya ja sama kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. A lokacin ne aka kawo agogon fastonmu. Kun dai tuna bawan Allahn nan. Tun da agogonsa ya tsaya, wa'azi ba ya ƙarewa sai yara sun fara kukan yunwa, tuwon rana ya koma na dare. Dattawan coci kullum suna ƙofarmu: "Bitrus, ka taimaki jama'a."

Hamma ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin rumbu, ya warware agogon, ya jera kayan cikinsa. Abin da bai sani ba, akwai wata jar kaza da ta riga shi gano rumbun, can take zuwa yin ƙwai. Ta faɗo daga sama, fir! Ta hango wani ɗan sukuru ƙarami kamar ƙwayar gero, ta yi masa tsinke ɗaya. Ihun da ya fito daga rumbun nan, har injina ya danne.

Na ce, "Hamma, a yanka ta kawai a ciro."

"Kazar da take ƙwai? Ke Saratu ba ki da tausayi, ba ki kuma da tattali."

Ya sa ta a kan babban faranti, ya kife ta da kwando, ya zauna gadi da gilashinsa na ido ɗaya. Duk abin da ta ajiye sai ya bincika da tsinke. Ana haka Fasto ya yi sallama.

"Ɗan'uwa Bitrus, yaya agogona?"

"Kayan gyaran yana kan hanya, Fasto."

"Daga Yola?"

"A'a, kusa ne. Amma hanyar ba a gaggauta ta."

Rifkatu ta shige ɗakin girki da gudu, ni na cusa bakin zane a bakina. Sukurun kuwa ya iso lafiya. Hamma ya wanke shi da kananzir ya mayar. Lahadin nan aka tashi a kan lokaci, dattawa suka yi layi suna ba shi hannu. Rifkatu ta raɗa mini, "Ita mai aikin ko tsabar dawa ba a ba ta ba."

Don jin daɗi, Fasto ya ba shi izinin zama a cikin coci, can baya, ranakun mako. Kai, zo ku ga taƙama! Ya dawo da yamma yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. "Yau na ji abin da ake kira shiru. Ku ba ku san shi ba, ba ku taɓa haɗuwa ba." Ya manta Alhamis ranar koyon waƙar zumuntar mata ce. Yana tsakiyar haɗa wani agogon bango sai ga mata sun cika coci da tulunan kiɗa da caki, wadda ke ba da waƙa a gaba kuwa Rifkatu ce. Ya fito daga bayan benci, gilashi a ido.

"Rifkatu! Gida na bar miki shi gaba ɗaya. Nan ma?"

"Nan gidan Ubana ne, Baban Markus. Kai ne ka zo haya."

Da agogon batir masu lamba suka fara shigowa daga Kamaru, wani saurayi ya kawo masa ɗaya. Ya kara a kunne, ya jira, ya jira. Ya ce, "Wannan ya mutu." Saurayin ya ce ai yana aiki, madaurin ne ya tsinke. Hamma ya miƙa masa abinsa. "To bebe ne. Kai shi wurin wanda ya iya yarensa."

Shekarar da aka yi bikin 'yar ƙanwar Rifkatu a Michika, duk gida muka shirya. Hamma ya ce ƙafarsa ba za ta je ba. "Ku tafi, ku daɗe. Yau Allah ya amsa addu'ata." Har mota ya raka mu, yana ɗaga hannu yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Da muka dawo, tun daga bakin layi muke jin hayaniya. Muka shiga, sai ga jikokin Malam Buba cike da tsakar gida, wasu na buga gwangwani, wasu na kokawa, ɗaya ta hau bayan Hamma tana ja masa hula. Shi kuwa yana kan tabarma a tsakiyarsu, yana ta aiki hankali kwance. Malam Buba ya ce Hamma da ƙafarsa ya zo ya ce, "Ara mini yara. Zaɓo masu surutun."

Na ce, "Hamma, kai ne kuwa? Ina shirun da ka yi shekaru kana bi?"

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. "Na same shi, Saratu. Ya yi yawa. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai zuciyata. Kuma ba daidai take tafiya ba, tana tsallake."

Muka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Mun ɗauka irin maganganunsa ne. Damina ba ta fita ba zuciyar ta tsaya, yana zaune a tsakar gida, yara na wasa kusa da shi. Ashe ya ji ta sarai, mu ne ba mu ji shi ba.

Ya Ubangiji, ka san bawanka Bitrus. Bai ci na kowa ba, bai kwana da kowa a rai ba. Ka gafarta masa, ka karɓe shi a wurinka, ka riƙe Rifkatu da 'ya'yansa. Mu da muka rage, ka ba mu haƙurin rashinsa. Amin.