Mama Lidiya da Goyonta a Alƙahira

Masu bin hanyar Sheme sun san Mama Lidiya da daddawa. Tana zama a gindin wata bedi kusa da masu faci, da farantinta a gaba, ba ta kiran ciniki, sai dai wanda ya sani ya tsaya. A wani ƙauye da ke bayan gari aka haife ta, gidan Maguzawa. Ta girma tana ganin mahaifinta yana yanka baƙin zakara a gindin tsamiya kafin shuka. Sai da ta auri Mati, manomin dawa da barkono, ta fara zuwa coci. Mati ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da gona. Gonar ma daga baya 'yan bindiga suka raba ta da ita, ta dawo cikin gari ta kama ɗaki.

'Yarta ta fari, Grace, ta auri Ɗanlahadi, wanda coci ta tura karatun fasto a Masar. Da haihuwa ta matso, dangi suka ce ba za a bar yarinya ta yi jegon fari a hannun baƙi ba. Haka Mama Lidiya, wadda iyakarta Funtuwa, ta hau jirgin sama da ƙullin kanwa, yaji da busasshen ganyen darbejiya.

An haifi namiji, aka sa masa sunan marigayi Mati. Ita ba ta taɓa faɗin sunan nan da bakinta ba, don haka take kiran jaririn Maigida.

Makonnin farko ba ta ga komai na Alƙahira ba sai tukunyar ruwan zafi da igiyar shanya a baranda. Gidan ƙarami ne a hawa na sama. Abin da ya fi takura mata shi ne surukinta, domin babu inda za ta ɓuya ta ci abinci. Sai ta riƙa shiga kicin ta ci a tsaye.

Bayan an yi arba'in, Ɗanlahadi ya ce, "Mama, ba za ki koma gida ba ki ga gari ba. Gobe za mu fita."

Ta ce, "To, Malam. Amma Maigida fa?"

"Akwai keken jarirai da maƙwabta suka ara mana."

Keken bai kai ko tashar jirgin ƙasa ba. Gefen titi duk motoci ne da ramuka da masu sayar da burodi, Ɗanlahadi yana ta ɗaga shi yana saukewa, yaro yana tsala ihu. Mama Lidiya ta kwance mayafinta, ta sunkuya a tsakiyar jama'a, Grace ta ɗora mata shi a baya, ta ɗaure. Kafin su sauka matakalar tashar ya yi barci. Aka bar keken wajen wani mai shago.

A cikin jirgin, mata suka riƙa leƙa bayanta suna dariya, suna taɓa ƙafar yaron. Wata ta tashi ta ba ta kujera. Ta zauna a bakin kujerar kawai, don mai goyo ba ta jingina.

Ɗanlahadi ya kai su tsohuwar unguwar Kiristoci, lunguna ƙanana masu sanyi, zuwa wata tsohuwar coci. Ya bayyana mata cewa mutanen ƙasar sun gaji labari daga kakanninsu, wai a wani ɗaki da ke ƙarƙashin cocin Maryamu da Yusufu suka fake da jariri Yesu lokacin da suka gudo daga sarki Hirudus. Suka bi layi. Da ta kai bakin wurin ta leƙa, sai ta ga ɗan ɗaki ne na dutse, rufinsa ƙasa-ƙasa, bai kai ɗakinta na Sheme ba.

Ta daɗe tana kallo har na baya suka fara gunaguni. A hoton da ke bangon cocinsu na gida, Maryamu tana kan jaki da tufafi masu tsabta, fuskarta a sake. Ita kuwa yanzu tambayoyi ne suka cika mata kai. Ina ta samu ruwan wanke kunzugu? Wa ya dama mata kunun kanwa? Da yaron ya yi kuka a hanya, yaya ta yi?

Maigida ya farka da yunwa. Suka zauna a wani benci na katako, Grace ta rufa da gyale tana ba shi nono. Ta dubi uwarta ta ce, "Mama, mi ya faru? Kin yi shiru."

Mama Lidiya ba ta taɓa ba ta labarin ranar da suka bar ƙauye ba, ta ce kawai sun fito lafiya. A kan bencin nan ta faɗa mata. Da hantsi ne aka ji ƙarar baburan 'yan bindiga. Maƙwabciyarta Mero ta tafi rijiya, ta bar jaririyarta Bilki a kan tabarma. Mama Lidiya ta sure ta, ta faɗa cikin dawa ta kwanta. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi kuka, baburan kuma suna wucewa kusa.

"Ba ni da komi da zan ba ta. Sai na sa mata nonona a baki, busasshe haka. Ta kama tana tsotso, tana kallona. Har rana ta karkata muna nan."

Grace ta ce, "Ita Mero fa?"

"Sai washegari muka haɗu a Sheme. Ta riga ta yi kukan ɗiyarta ta gama."

Wata tsohuwa Bamisriya mai baƙaƙen kaya da ke kusa da su ta ga hawaye a fuskar Grace. Ba ta tambayi komai ba, ba su da harshen da za su yi magana ma. Ta ciro dabino daga jakarta ta zuba a tafin Mama Lidiya, ta shafa kan yaron, ta tafi.

Da la'asar suka shiga kwalekwale a kogin Nilu. Mama Lidiya ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu, amma idonta yana kan wani tsibiri inda wani mutum yake ban ruwa a gonar kabeji, ga dogayen benaye kewaye da shi. Ta tambaya ko gaskiya ne ba a cika ruwan sama a ƙasar ba. Ɗanlahadi ya ce gaskiya ne. Ta ce, "Amma yana noma abinshi, ba mai korar shi."

Manyan dalan nan na dutse da sarakunan dā suka gina, da kowa ke zuwa gani, sai ana gobe za ta tafi suka je wurinsu. Rana ta yi zafi, yaron ya ɓata jikinsa, masu raƙuma suka dame su. Ta ga dalan dai, daga inuwar wata mota, tana canza masa kunzugu a kan cinyarta.

Grace ta roƙe ta ta ƙara wata guda. Ta ce a'a, damina ta kusa, kuma wani dattijo a coci ya yi mata alkawarin aron fili a bakin gari. Ta dawo Sheme ruwan farko bai sauka ba. Matan zumunta suka cika ɗakinta suna tambayar yadda Masar take. Ta ce gari ne babba, mutanensa suna son yara, burodinsu kuma ba ya riƙe ciki. A shekarar ta shuka dawa da kuɓewa a filin aron, kuma dawar ta yi kyau.