Ga Tela, Daga Wanda Ya Riƙe Mabuɗinsa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Baba, yau Allah ya karɓi abinsa." Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon hannuna na dama. Da shi na yi shekara tara ina kulle ka.

Malam Tela, ni ne gandiroban layin kaɗaici lokacin da aka kawo ka daga cikin sauran fursunoni. Laifinka shi ne koken da ka rubuta a kan wani da ya mutu a ɗakinku ba a kira masa likita ba. Aka ce horon kwana goma sha biyar ne. Suka cika, aka sabunta. Daga nan duk wata ni nake kai takardar sabunta horon zuwa ofis, a sa hannu ba a karanta ba, in dawo da ita.

Ɗakin taku uku ne a tsawo, biyu a faɗi. Bargo ɗaya, bokiti ɗaya, sai 'yar taga can sama da ba ta fi tafin hannu ba. Ta wata kafa a ƙasan ƙofa nake tura maka kwano. Ƙa'idar gidan ta ba ka awa guda kullum ka fita shan iska, ta ba ka wasiƙa da ganin lauya, kuma ka haddace ta fiye da mu masu kaki. Kowace safiya sai ka ce, "Yallaɓai, awata fa?" Ni kuma in ce ma'aikata sun yi ƙaranci. Ba ka taɓa zagina ba. "To, Allah ya kawo su," za ka ce, sannan ka tambaye ni jikin mahaifiyata.

A shekara ta huɗu ka fara magana da bango. Ina jin ka kana gwada mutanen da ba sa nan, kafaɗa kaza, hannu kaza, kana ce musu su dawo jibi su karɓi ɗinkinsu. Wata rana ka tambaye ni ko muryarka tana fita, don kai ka daina jin ta. Na ce tana fita, na wuce da sauri. A makon ne maɓallin rigata ya tsinke. Ka yi allura da ƙayar kifi, ka zaro zare daga bargonka, ka ce in miƙo rigar ta kafar, ka ɗinke mini.

Wata lauya ce ta bi maganarka har kotu ta ce tsarewar ta saɓa wa doka. Ranar da na buɗe ƙofar ka tsaya a bakinta ka kasa ƙetarawa, ka rufe fuska da hannu biyu saboda haske. Sai da na riƙe ka.

Bayan na yi ritaya na nemi shagonka. Na tarar ka cire ƙyauren gaba ɗaya ka rataya labule, matarka ta ce a gida ma haka ka yi. Kusa da keken ɗinkinka akwai benci inda iyayen fursunoni da matansu suke zama, kana faɗa musu abin da doka ta ba 'yan'uwansu, kana rubuta musu koke. Da ka gan ni ka yi dariya ka ce, "Yallaɓai, yau kai ne da ziyara? Zauna, nan ba a yanke wa kowa lokaci." Gafararka na zo nema. Na sha ruwa na tafi ban furta ba. Sau shida ina zuwa haka.

Har yau in na ji ƙarar mabuɗai sai ɗakin nan naka ya faɗo mini a rai. A wurin jana'izarka wani tsohon abokin aikina ya raɗa mini cewa mutum huɗu suna layin nan yanzu haka, ɗaya ya shiga shekara ta bakwai. Lauyar tana neman shaidar wanda ya yi aiki a ciki. Na ba ta lambata, Litinin zan je.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da ta jira ka, da 'yarka da ta girma ba ta san muryarka ba, da duk masu zama a bencin nan. Allah ya ba su haƙurin rashinka. Allah ya jiƙan ka, Malam Tela, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya cika shi da haske. Ni kuma ya Ubangiji, Ka sa ya yafe mini kafin mu tsaya a gabanKa. Amin.