Sunan da Ya Yi Kama da Na Ƙanena

Mun tashi daga Ɗa'ifa, garin da nake aiki a Saudiyya, bayan sallar asuba, ni da wani abokin aikina ɗan Damagaram. Shi ya karɓi tuƙin. Kwana biyar ke nan da jirgin dakon kayan da ƙanena ke aikin inji a cikinsa ya nitse a tsakiyar teku, can gaba da Yaman. Kamfaninsu ya ce wani jirgi ya tsamo wasu, zai sauke su a Jidda. Sunan da aka turo mini cikin waɗanda aka tsamo ya yi kama da nasa, amma akwai wani ɗan Sudan mai irin sunan a jirgin. Umma tana Kano, ban gaya mata komai ba.

Gangaren dutsen Hada sai a hankali, kwana kan kwana. Birai sun jeru bakin titi kamar 'yan kamasho a tasha. Da muka sauka ƙasa abokina ya tsaya ya sayo wake da gurasar tamis mai zafi, ya ce ba zai kai Jidda da mai azumin dole ba. Na ci loma uku.

Jidda ta tarbe mu da gumi. A ƙofar tashar jiragen ruwa mai gadi ya duba iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya ce halas, ba shiga, an kai mutanen wani asibiti wajen Mahjar. Sai da muka ɓata hanya sau biyu.

A gado na ƙarshe na same shi. Ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsage, tafin hannunsa duka biyu a naɗe, igiya ta ci su. Na tsaya ina ta kallonsa.

"Yaya, ka zauna mana," ya ce. "Ni ne."

A hankali ya ba ni labari. Iska ta kwana biyu tana dukansu, igiyar ruwa ta fi benen gidanmu tsawo. Kaya suka zame gefe guda, jirgin ya karkata, inji ya mutu. Jirgin da sai ka yi tafiya kafin ka kai ƙarshensa, ya ce a gabansu ruwa ya haɗiye shi. Sun kwana uku a kwalekwalen roba. Ɗan Sudan ɗin shi ya turo shi ciki, shi kuma har yanzu ba a gan shi ba. Muka yi masa addu'a tare.

Sannan na kira Umma, na kara masa wayar a kunne. Tana ta yi masa faɗan ya daina kira, yana dariya, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Likita ya ce sai bayan mako za a sallame shi, ni kuma aiki na jirana. Da la'asar muka kama hanya, muka iso Ɗa'ifa ana kiran isha.

Na gode wa Allah, na gode wa matuƙan da suka juya jirginsu saboda mutanen da ba su sani ba. Na kuma koyi cewa murnar da na samu, a wani gida a Sudan ita ake jira. Ƙanena ya ba ni lambar matar mutumin. Gobe zan kira ta, in gaya mata abin da mijinta ya yi.