Wendell Prather, Wanda Ya Sa Ni Na Shida

Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, muna atisaye a filinmu na Florida, koci ya ja ni gefe ya shaida mini Allah ya yi wa Wendell Prather rasuwa. Zuciyarsa ce ta tsaya yana zaune cikin motarsa, a bakin wani ƙaramin filin besbol, wasan jifan ƙwallo da bugun sanda, a Tennessee. Shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in daga ciki ya ƙarar da su a kan hanya, yana zaƙulo wa kulob ɗinmu sababbin 'yan wasa.

Baba Wendell, ban san inda zan sa kaina ba.

A watan Maris ka fara ganina, a ƙaramar kwalejinmu ta Kentucky, ana yayyafi da sanyi. Masu irin aikinka su huɗu suka zo, suka auna gudun ƙwallon da nake jefawa da na'ura, suka ga mil tamanin da takwas kacal a awa ɗaya, suka nannaɗe kayansu tun wasa bai yi nisa ba. Shekarata ashirin da uku, ga tabon tiyata a gwiwar hannuna na hagu, hannun da nake jifa da shi. Kai kaɗai ka zauna har ƙarshe kana ɓare gyaɗa. Da aka tashi ka tare ni, ka ce, "Kai Renfro, duk sanda za ka jefa ƙwallo mai lanƙwasa sai ka ciji leɓe. Makaho ma ya gane ka. Bar cizon nan, sai mu yi magana." Shekara huɗu ina wasa a kwalejin, ba wanda ya taɓa lura.

Sau biyar ka dawo. Ka je har masana'antar kaji inda mahaifiyata take aiki, ka jira ta tashi, don kawai ka tambaye ta yadda nake yi idan an ci ni a wasa. A Yuli aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa, kulob ya ɗauke ni a zagaye na sha bakwai. Daga baya na ji sai da ka buga tebur kafin a kira sunana.

Mu ashirin aka ɗauka bana. Al'adar kulob ce a jera mu daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sha biyu na sama a gayyace su sansanin horo na kaka. Mai shekaruna da ba a gayyata ba, yawanci sallama ce ke jiransa. Masu lissafin kwamfuta sun sa ni na ashirin. Kai a jerinka na hannu ka sa ni na shida, ka kuma ce za ka zo taron Juma'a ka kare shi da bakinka.

An yi taron ba ka nan. Jiya shugaban renon 'yan wasa ya kira ni ofis, ya ce ina nan a na ashirin. Saboda girman Wendell, in ji shi, za a ba ni wasa ɗaya ranar Lahadi, manya za su zo su kalla. Lahadin nan kuma ita ce ranar da za a binne ka, tafiyar yini guda daga nan.

Na kira matarka Loretta, na kasa haɗa magana saboda kuka. Ta ce, "Ɗana, in ka bar wasan nan ka zo, ni da kaina zan kore ka daga coci. Tsohon nan wata biyar yana cika mini kunne da sunanka."

Don haka ba zan zo ba, Baba. Ka yafe mini. Gwiwar tana yi mini zogi tun makon jiya kuma ban gaya wa kowa ba, kai kaɗai zan iya gaya wa. Wasana na baya an yi mini dukan tsiya. Ina tsoro ƙwarai. Ba sallamar ce ta fi tsorata ni ba, a'a, kada a ce jerinka na ƙarshe tsufa ne ya rubuta shi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutun da hanya ta hana ka. Ya ba Loretta da 'ya'yanku, Dwight da Maybelle, haƙurin wannan rashi. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, ya sa ni a addu'a ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da za a miƙo mini ƙwallo, ana sauke ka cikin kabari.

Tobias Renfro