Igiyar da Muka Bari a Gindin Mangwaro

A daminar nan Hamidu ke cika shekara goma sha ɗaya a kabari. Na san amikal ɗin ɗaliban Gaya ba ta manta da shi ba, don na ga an buga riguna da hotonsa, an kuma fito da kofin ƙwallon da aka sa wa sunansa an goge. Har gida aka aiko mini da tawa rigar, wai kyauta ce ga tsofaffin shugabanni. Na ninke ta na tura ƙarƙashin katifa. Mutumin da bai taɓa buga ƙwallo ba, wanda in ana wasa yana bakin fili da akwatin magani yana faɗa da masu shiga ba takalmi, shi aka yi wa kofi. Da zai tashi ya gani, abin da zai fara tambaya shi ne ko an kawo wa 'yan wasan ruwan sha.

Ni ɗan Junju ne. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kawo ni Gaya lakwal, wato makarantar boko, aka damƙa ni hannun Gwaggo Hadiza, mahaifiyar Hamidu. Kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwanta, shekara ɗaya muka ci bak, jarrabawar gama sakandare, muka tafi jami'a a Yamai. Shi ya shiga likitanci, ni lissafi. Can muka tarar da amikal, ƙungiyar ɗaliban yankinmu, wadda ko da aka raba Junju da Gaya a takarda ita ba ta rabu ba. A shekararmu ta huɗu aka zaɓe ni shugaba, saboda ina da baki. Shi kuma aka ba shi sakataren lafiya, muƙamin da ba mai so.

Wallahi Hamidu ya ɗauki muƙamin nan da zafi har ya ishe mu. Ɗalibi na zazzaɓi ya lulluɓe a ɗaki, sai ya ja shi gidan likita yana masifa. Shi ya hana a riƙa ɗura wa sababbin ɗalibai shinkafa mai barkono tsantsa da sunan wasa. Shi ya tsaya gaban babura ranar zagayen gari ya ce ba mai ɗaukar mutum uku. Sai muka laƙaba masa Inna. In ya doso, a ce a gyara zama ga Inna nan. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, amma ni da na san shi na san yana ji.

Abu ɗaya ya gagare shi, wankan bule. Bule shi ne sabon da ya ci bak, bai kai ga shiga jami'a ba. Kowace damina in mun dawo hutu, amikal kan yi mako guda tana biki, rana ta ƙarshe a kwashi bule a kwale-kwale a tura su cikin kogin Isa har inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Daga nan su faɗa da kayan jikinsu su iyo zuwa gaɓa, manya na tafi, 'yan mata na guɗa. Hujjar ita ce ɗan Gaya ɗan ruwa ne. Wanda ya ƙi ba a dukansa, abin ya fi duka ciwo. A Yamai ɗakunan jami'a ba sa isar kowa, bule a ɗakin manyan garinsu yake shimfiɗa tabarma, su ke nuna masa inda ake rajista, su ke ba shi tsofaffin takardun darasi. Wanda ya ƙi ruwa sai ya isa da akwatinsa ya tarar kowane ɗaki wai ya cika.

A shekarar da nake magana, ruwa ya yi ja, ya cika har ya haura tushen itatuwan gaɓa. Saura kwana biyu wankan, mu 'yan biro, wato shugabannin amikal, muna zaune gindin mangwaron bakin kogi, sai ga Hamidu da nannaɗin igiyar nailan shuɗiya a kafaɗa da bidon-bidon, jarkokin mai waɗanda ba komai ciki. Bai ce a fasa wankan ba, ya san ba za mu yarda ba. Ya ce a ɗaura wa kowane bule bidon a ƙugu, a zura igiya, a ajiye Sarkawa masunta biyu da jirginsu ta ƙasan ruwa. Abin da ya fi nacewa a kai kuma shi ne a bar shi ya ja kowane yaro gefe, su biyu kaɗai, ya tambaye shi a hankali ko ya iya ruwa.

Wani daga cikinmu ya ce, "A ɗaure ɗan Gaya da igiya kamar akuya, a ɗauki hoto 'yan Doso su gani?" Aka fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙara. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, ni da kaina zan tambaye su."

Na kuwa tambaya. Da hantsi, gaɓa cike da mutane, bule goma sha bakwai a jere, iyayen wasu na tsaye, 'yan mata sun ci kwalliya. Na ɗauki lasifika na ce, "Wanda bai iya ruwa ba ya ɗaga hannu!" Aka yi ihu, aka yi shewa. Ba hannun da ya motsa. Na juya wajen Hamidu na ce masa ya gani, babu. Ya dube ni wani irin kallo ya ce, "Abdu, kai ne za ka ce mini babu?" Na kau da kai. Ya ɗauko igiyar zai saka a jirgi, masu lodi suka ce ba wuri, ni kuma na ce a bar ta. Aka bar ta a gindin mangwaro tare da bidon-bidon ɗin, ya shiga jirgin hannu rabbana.

A cikin bulen akwai Isufu, ɗan wani manomin hatsi na Zabori. Ruwan da ya fi girma da ya taɓa shiga shi ne tafkin garinsu, iya ƙugu. Shi ya faɗa na ƙarshe, bayan duk an watse a ruwa ana masa ihu. Ya nutse, ya taso yana dukan ruwa, ya sake nutsewa. Sau nawa Hamidu ya koya mana cewa ba a zuwa wajen mai nutsewa hannu sake, a jefa masa igiya ko bidon, don in ya damƙe ka tare za ku tafi? Na ga lokacin da ya miƙe a jirgi ya waiwayo gaɓa, ya dubi gindin mangwaron nan. Sannan ya faɗa. Sau biyu ya turo Isufu sama, a na biyu mai tuƙi ya cafko rigar yaron ya jawo shi ciki. Hamidu bai sake tasowa ba. Washegari wajen azahar Sarkawa suka same shi can ƙasa, maƙale a cikin ciyawar burgu.

Daga nan sai kowa ya zama malami. Ajali ne, kwana ya ƙare, Allah ya ba shi shahada. Na yi imani da ajali, amma ba ajali ne ya riƙe lasifika ba, ni ne. Jandarma suka yi 'yan tambayoyi, duk muka ce tsautsayi, aka rufe magana. Ranar jana'iza ni na tashi na yi jawabi a madadin ɗalibai, mutane suka yi kuka, har aka ce Abdu ya iya magana. Ranar addu'ar bakwai Gwaggo Hadiza da hannunta ta zuba mini tuwo, ta ce in ci, kada in kashe kaina da baƙin ciki. Na ci. Wannan lomar har yau ba ta wuce mini ba.

Shekara huɗu ba a yi wankan bule ba. Da waɗanda suka san shi suka gama suka watse, sai abin ya dawo a hankali, yanzu ma har da wayoyi ana ɗauka ana yaɗawa. Makon jiya na je wajen shugaban amikal na yanzu, ɗalibin shari'a, mai ladabi, har ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Kawu, kada ka damu, ai muna bin dokar marigayi. Kafin a shiga jirgi sai an yi shela da lasifika, wanda bai iya ruwa ba ya ɗaga hannu. Shekara bakwai ke nan ba wanda ya taɓa ɗagawa."

Kun ji fa! Maganar da na kashe shi da ita, ita aka ɗauka aka sa mata sunansa, ana maimaita ta kowace damina da girmamawa. Igiyar an manta, Sarkawan an manta, tambayar sirri an manta. Ƙaryata kaɗai ta rayu. Na fito daga ɗakin nan ban zargi yaron ba, don laifinsa bai kai nawa ba. Abin da ya gada ke nan.

Yanzu bari in faɗi abin da ban faɗa wa jandarma ba, ban faɗa wa matata ba. Shekara bakwai na yi a Gaya kafin bak, in an je kogi ni ne mai gadin riguna, kullum da uzurina: mura, ciwon kunne, gyambo a ƙafa. Ranar namu wankan, ni da Hamidu muna jirgi ɗaya, tsoro ya kama ni. Ya matso ya raɗa mini in faɗa ta bayan jirgi inda 'yan gaɓa ba sa gani, in kama kafaɗarsa, kada in kama wuyansa. Haka ya ja ni har ƙafata ta taɓa ƙasa, sannan ya zame ya bar ni na fito ni kaɗai, ina ɗaga hannu ana mini tafi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko da wasa, ko ranar da nake ce masa Inna a gaban mutane. Daga wajena ya koyi cewa yaro zai gwammace ya nutse da ya ɗaga hannu gaban 'yan mata. Ni kuma na ƙi igiyarsa ne don ina tsoron in aka yarda akwai ɗan amikal da bai iya ruwa ba, wata rana wani zai juyo ya dube ni. Ba wani dalili ban da wannan. Na sha neman dalilin da ya fi shi kyan faɗa, ban samu ba.

Da na so, da na tafi da wannan kabarina. Abin da ya hana shi ne Nasiru, autan Gwaggo Hadiza. Shekararsa takwas lokacin da aka kawo gawar yayansa, kuma tun ranar uwarsa ba ta sake barinsa ya taka bakin kogi ba, ko wankin babur. Bana ya ci bak. Biron amikal kuwa ya yanke cewa don girmama marigayi, ƙanen Hamidu ne zai fara faɗawa ran Asabar. Ai jinin ruwa ne, in ji su. Gwaggo ta aika aka kira ni, ta ce, "Abdu, kai suke jin maganarka." Na sunkuyar da kai, don na san inda jin maganata ya kai mu.

Na goya Nasiru a babur zuwa gindin mangwaron, mu biyu kaɗai, na tambaye shi a hankali kamar yadda yayansa ya so a yi. Ya ce ya iya. Ko ido bai ƙifta ba. Sai na ba shi labarina kaf, har da igiyar da wanda ya ce a bar ta. Na zaci zai tashi ya mare ni, kuma da ban rama ba. Sai ya ce, "Yaya, ni ma ban iya ba. In ka iya faɗa wa Gaya naka, ka haɗa da nawa. Amma kai za ka fara." Da izininsa nake rubuta wannan.

Me ya rage na Hamidu? Ba kofin ba, ba rigunan ba. Akwai Isufu, wanda ya zama ma'aikacin lafiya a ƙauyensu, da 'ya'ya uku, kowace kaka yana aiko wa Gwaggo buhun hatsi, amma bai sake taka Gaya ba. Akwai kuma igiyar. Da yammacin ranar da ya nutse, bayan an watse, na koma na ɗauke ta, tana cikin akwatina har yau. Nailan ba ta ruɓewa. Shekaranjiya na warware ta na ja da ƙarfina, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ba ni da ikon hana wankan bule, ni malamin lissafi ne a koleji, muƙamina ya daɗe da ƙarewa. Amma ran Asabar da hantsi za ku same ni a gaɓa da igiyar nan da bidon-bidon, da Sarkawa biyu da suka yarda su tsaya ta ƙasan ruwa. Mai dariya ya yi, mai waya ya ɗauka, a kira ni Inna in an ga dama. In shugaba ya ɗaga lasifika ya yi shelarsa, duk bulen da gabansa ke faɗuwa ya waiwaya, zai ga ba shi kaɗai ba ne.

Gwaggo, na san kafin ranar za a karanta miki wannan. Ban roƙe ki ki sake zuba mini tuwo ba. Allah ya jiƙan Hamidu, ya sa ruwan nan ya zama ƙarshen wahalarsa.

Ni Abdu, tsohon shugaban amikal, ban iya ruwa ba, ban taɓa iyawa ba. Hamidu, ga hannuna na ɗaga. Na makara da shekara goma sha ɗaya.