Yadda Na Je Doha Neman Sujada

Ƙiiii. Ƙarar kujerar roba ce idan na jawo ta a kan siminti zuwa bakin darduma. Shekara biyu gwiwata ta dama ta ƙi lanƙwasuwa, a zaune nake salla, goshina bai taɓa ƙasa ba. Na san Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, amma kewar sujada takan taso min kamar kewar mutum. Wata rana muna waya da babbar 'yata, wadda take aikin jinya a Doha, aka kira la'asar, na ja kujerar ban kashe wayar ba. Ta ji ƙarar, ta ce, "Umma, har yanzu?" Bayan wata biyu sai ga tikiti.

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da maigida da zai raka ni filin jirgin Kano. Hanya ta yi kyau har Kwanar Ɗangora, inda masu tumatir suka jera kwanduna jajur a bakin titi. A jakata akwai kuka da daddawa da ƙullin man kaɗe. Maigida ya ce da alama miya zan je sayarwa, ba asibiti ba.

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni a jirgi ba. Da na farka na leƙa, ruwa ne shuɗi iya ganina, can kuma gari ya ɓullo daga cikinsa kamar an ɗora shi a faranti. Zafinsu mai laima ne, yana manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen mayafi. Titunan ba rami ko ɗaya, har na rasa abin da zan yi wa direba addu'a a kai. A unguwar Al Aziziya 'yata take zaune, gidaje masu launin yashi, shiru kamar kowa ya yi tafiya. Kiran salla ne ke tashi daga masallatai da yawa, wannan na bin wancan, sai ka ji kamar sama ce ke amsawa. Shayin madara da suke kira karak riyal ɗaya ne, kuma na sha shi har na ji kunya.

Likita ya duba ni ya ce ba sai an yi aiki ba, jijiyoyi ne suka ɗaure, motsa jiki suke so. 'Yata ta sa ni a wani ajin mata zalla kusa da babban lambun unguwar. "Yalla, mu je, Umma," ta ce, "miƙa ce kawai." Ɗaki ne mai sanyi, kowa da 'yar tabarmar roba, wata Baturiya mai fara'a tana nuna mana. Mu ɗaga hannu sama, mu sunkuya, mu ja numfashi a hankali. Haske na shigowa ta labule, ni kuwa jikina kamar ba nawa ba, kamar ana kwance min ƙulli ɗaya bayan ɗaya. A mako guda na fara jin gwiwar tana saki.

A ajin akwai wata tsohuwa Ba'indiya, maƙwabciyarmu, ita ma wurin ɗanta ta zo. Ta fi kowa iyawa, amma ba ta murmushi. Ranar da muka rage mata hanya a mota, sai ta amayar da abin da ke ranta. Da ɗan turancina na sakandare na tsinci zancen. Ta ce wannan abin yoga ne, kakarta ce ta koya mata, kowane motsi da sunansa da ma'anarsa. An kwashe shi, an kankare sunayen, ana sayar mata da shi kamar ba shi da iyaye. 'Yata ta ce ai don irinmu aka cire, don musulmi su yi hankali kwance, jiki kuma na kowa ne, ba wanda ya mallaki miƙa. Tsohuwar ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Mama, wancan da muke farawa da shi, hannu sama a sunkuya, kin san mene ne? A wurinmu gaisuwar rana ce."

Ni da na ƙetaro teku don in yi wa Allah sujada, ashe kwana bakwai ina sunkuya wa abin da ban sani ba. Na yi ta istigfari har gida. 'Yata ta ce niyya ce abin dubawa, ni kuwa na ce khalas, kamar yadda suke faɗa, na bar ajin. Na koma kan kujera. Ta gidansu ta katako ce, a kan kafet, ba ta ko ƙara.

Don ta faranta min ta kai ni unguwar West Bay da yamma. Dogayen benaye na gilashi tsaye cikin hazon teku, ƙasansu ba ya ganuwa sosai, kamar rataye suke. A wani kanti wata yarinya ta lakato min mai daga 'yar mitsitsiyar kwalba ta shafa min a bayan hannu. Yana narkewa na gane shi. Man kaɗe ne. An cire masa ƙamshinsa, an sa masa wani suna da hoton farin fure, kuɗinsa kuwa zai sayi ƙwarya guda a gida. Nan take na ga kakata a tsakar gida, tana tuƙa ƙullun kaɗanya da hannu tun hantsi har kafaɗunta su sage. Na juya kwalbar ko zan ga an ambaci irinta. Babu. Ban yi fushi ba, ai mai don shafawa aka yi shi. Fuskar tsohuwar nan ce dai ta ƙi barin idona.

Na aika wa malamarmu ta Islamiyya saƙon murya. Ta ce abin da yake magani ne in ɗauka, abin da yake bauta ne in bari, amma iyakar tsakaninsu masu abin ne suka sani, in je in tambaye su.

Washegari na ɗauki ƙullin man kaɗena na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar. Na ce mata ga asalinsa, ga sunansa, ga yadda kakata take yinsa. Ta shinshina, ta maimaita sunan sau uku har ta kusa daidai. Sannan na ce, "Baiwar Allah, ni ga Allah kaɗai nake sunkuyawa. Ki nuna min na gwiwa, ki faɗa min wanda yake na addininku in bar miki." Na ɗauka za ta ji haushi. Sai ta kama hannuna ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarta.

Kwana goma sha takwas muna haɗuwa da hantsi a falonta. Motsi huɗu ta ware min, ta faɗa min sunan kowanne da abin da yake nufi, ba kirari, ba haɗa tafin hannu. Ta ce wasu 'yan uwanta za su ce yoga ba ya rabuwa haka, ita ma ba ta gama yanke hukunci ba. 'Yata ma har yau tana kan bakanta. Mu dai tsofaffin muna shimfiɗe a ƙasa, ɗakin na ƙamshin man kaɗe, tana ƙirga min numfashi kamar mai rarrashin jariri.

Na dawo Zariya ranar wata Alhamis, ruwa ya sauka, garin na ƙamshin ƙasa. Abin da na ƙaru da shi ɗan kaɗan ne: in za ka ɗauki abin mutane, ka yi sallama, ka tambayi sunansa. Da azahar na shimfiɗa darduma, na dubi kujerar a lungu, na bar ta. Na kabbara a tsaye. Na sauka a hankali, gwiwar na ɗan gunaguni, har goshina ya ji sanyin ƙasa. Na daɗe a wurin. Ban san me na roƙa ba, hawaye ne suka yi maganar.

Da na sallame, jikata 'yar shekara huɗu tana tsaye a bakin ƙofa, ta dubi kujerar, ta dube ni.

"Kaka, yau ba ki sa kujerar kuka ba. Ke ce kike yi."