Waƙar Inna Tabawa Ta Tsaya a Abeshe

Wata rana a masaukin alhazai a Makka, aka haɗa ni ɗaki da wata tsohuwa 'yar Gumel, Inna Tabawa.

Matar nan ba ta gajiya da waƙa. Kuma waƙa ɗaya ce tak, babu daɗi babu canji, sai jeren sunayen garuruwa: Gumel, Haɗeja, Yarwa, Kusiri, Ati, Abeshe. Tana kaiwa Abeshe sai ta koma Gumel.

Gaskiya ta ishe ni. Har na ce mata, Inna, wannan motar taki ba ta wuce Abeshe ne?

Ba ta yi fushi ba. Ta ce iyayenta a ƙasa suka tafi aikin Hajji, shekara saba'in da suka wuce. A Abeshe, cikin Chadi, aka haife ta. Uwar ba ta da ƙarfin tafiya, sai uban ya ci gaba da ayari tare da yayar Inna, Kande, a kan zai dawo.

Bai dawo ba.

Uwar ta jira shekara biyu, ta biyo wani ayari ta koma gida. Waƙar kuwa uwar da Kande suka riƙa ƙaga ta a hanya, kowane zango da baitinsa; a bakin uwar Inna ta koya.

Inna ta ce, "Ni dai roƙona a Ka'aba ɗaya ne, in san inda Kande ta ƙare."

Kunya ta kama ni.

Ranar Laraba da hantsi muna shan shayi a bakin masauki wajen wata Bahaushiyar Sudan. Inna ta tayar da waƙarta. Da ta kai Abeshe ta tsaya, sai mai shayin ta ɗora, ko ɗago kai ba ta yi ba: Janena, Fashir, Ubayyid, Kosti.

Kofi ya suɓuce daga hannun Inna.

"Yarinya, wa ya koya miki?"

"Ummata. Amma ke Hajiya kin tsallake baiti. A Abeshe cewa ake, nan muka bar Inna da jaririya Tabawa."

"Ni ce jaririyar."

Jama'a, ni da nake tsokana, ni na fara kuka!

Ashe umman mai shayin ita ce Kande, tana raye, tana Kosti da jikoki goma sha tara. Nan take 'yar ta kira ta a waya, hoto da hoto. Tsofaffin nan biyu ko gaisawa ba su tsaya yi ba. Inna ta ɗauko daga Gumel, Kande ta karɓa daga Abeshe, suka kai ta har bakin teku. Alhazai suka taru ana ta kabbara.

Darasi: Abin da tsohuwar gidanku take ta maimaitawa har ya gundure ku, ba surutu ba ne. Wataƙila hanyar danginku ce a bakinta. Ku zauna ku ɗauka tun tana da numfashi.

Tura wa wanda kakarsa ke raye, ya je ya saurare ta yau.